Ƙarar Wuyan Kekena da Injiniyan Gidan Surukaina

Kekena baƙi ne, irin na da, mai birkin ƙarfe da faffaɗar kariyar ɗora kaya a baya. Da shi nake kai tumatir kasuwar Tudun Wada lokacin noman rani, daga lambunmu na bakin ruwan Tiga, inda iyayenmu suka zauna bayan dam ya cinye garinsu. Shekara da shekaru bai taɓa ba ni kunya ba. Sai wata rana ya fara wata 'yar ƙara daga gaba, ƙas, ƙas, kamar ana ɓare gyaɗa. A hanya mai kyau shiru yake yi. Amma da na kama birki, ko na faɗa rami, ko na miƙe ina danna feda a hawa, sai ta dawo, har a tafin hannuna nake jin ta.

Na yi niyyar kai shi wurin mai gyara ranar kasuwa. Kuskurena shi ne na yi maganar a gaban yayan matata.

Wannan bawan Allah ya taɓa zama a shagon wani mai sayar da kayan babur a Kano, wata uku ko huɗu. Waɗanda suka gan shi a can sun ce aikinsa shara da miƙo kwali. Amma ya dawo gari da sukundireba a aljihun gaba, inda mutane ke saka biro, ya kuma sa wa kansa suna Injiniya. In ka gaishe shi ba ka haɗa da sunan ba, da ƙyar yake amsawa. Ni kuwa Yaya nake ce masa, tunda ƙanwarsa nake aure, kuma dole in rusuna.

Ya zo gaisuwa bayan la'asar, yana shan kunu a tsakar gida, ya ji ina faɗa wa matata.

"Wane mai gyara kuma, ina gari?" in ji shi. "Fito da shi."

"Yaya, kada ka wahalar da kanka. A wuya ƙarar take, nan inda kan keke ya shiga jiki."

"Kai manomi ne. Ƙara tana yawo a cikin ƙarfe. Sarƙa ce."

Bai hau keken ba, bai ma tura shi ya saurara ba. Ya sa aka kawo baƙin mai ya ambaya wa sarƙar har yana ɗiga. Washegari ƙarar tana nan, ga ƙafar wandona ta yi baƙi ƙirin. Ya dawo ya ce sirdi ne, ya ɗaure sirdi. Ya sake dawowa ya ce wayoyin taya ne, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kaɗawa da farce, ya kara kunne kamar mai gyaran garaya. Duk lokacin da na nuna masa wuya sai ya yi mini wani murmushi na tausayi.

A zuwa na huɗu ne ya shigo da waya a hannu, ya ce bincikensa ya nuna matsalar a wuya take. Ya faɗe ta kamar shi ya gano. Ya nuna mini bidiyon wani Bature yana kwance keken tsere, siriri, wanda ko kusa bai yi kama da nawa ba.

"Yaya, wannan ai ba irin nawa ba ne."

"Keke keke ne."

Ba shi da sifana mai girman notin wuyan, saboda haka ya ari guduma da kurfi a maƙwabta ya dinga dukansa har ya juya. Ya zare kan keken, ya ɗaga jikin, sai 'ya'yan boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan da wuya ke juyawa a kansu, suka zube cikin yashi. Kaji suka rugo. Ya tsince waɗanda ya gani, ya hure su da baki ya mayar, da ƙasarsu da komai. Na ce kamar ba su cika ba.

"Kamfani ne ke zubawa da yawa," in ji shi. "Rabinsu ado ne."

Ya ɗaure notin da guduma har kan keken ya yi tauri. Na tura keken a tsakar gida, ba ƙara. Ya goge hannu da ɗankwalin ƙanwarsa da ke kan igiya, ya tafi yana cewa a Kano irin wannan aikin sai an bi layi. Ni ma ban wanke kaina ba. Na ga gudumar nan da idona, na yi shiru don kada a ce na raina suruki.

Ranar kasuwa da safe na ɗaura kwando biyu na kama hanya. Akwai wata gangara kafin a hau titi, a ƙarshenta hanya ta karya dama ta bi gefen wani lambun albasa. Na zo kwanar na karya kan keke. Kan ya juya lafiya lau, taya kuwa ta ci gaba da tafiyarta gaba. Sai ga ni a cikin kwarin ban ruwa, keke a kaina, tumatir ko'ina. Wasu mata masu tallar nono suka ajiye ƙorai suna salati, sun ga jan da ke jikin rigata sun zaci jini ne. Jinin yana gwiwa, shi ma ba kaɗan ba.

Na tsince abin da zai tsintu, na tura keken har Tudun Wada ina ɗingishi. A ƙarƙashin wata darbejiya a bakin kasuwa akwai wani tsoho mai gyaran keke, ba allo, ba suna, sai akwatin katako da tabarma. Na gaishe shi na ce, "Baba, ga shi nan."

Ya dubi notin da aka tauna da kurfi, ya dube ni.

"Wane maƙeri ne ya taɓa maka shi?"

"Wani ɗan'uwa ne."

"Allah ya shirye shi."

Ya nuna mini dogon ƙarfen da ke riƙe kan keke a cikin wuya. Yaya ya kwance shi bai mayar da ɗaurinsa ba, da yatsa ma yana juyawa. Tsohon ya wanke komai da kananzir, ya zubar da tsofaffin boris ya jera sababbi cikin giris, ya shafa giris a ƙarfen da ya bushe ya yi tsatsa. Sannan ya ɗaure notin a hankali, yana ɗaurawa yana juya kan. Ya ce in kama birkin gaba in girgiza keken gaba da baya, in ɗora yatsa a mahaɗar wuyan.

"In ka ji yana motsi, ya saki. In ka ɗaga gaba kan ya ƙi faɗawa gefe da kansa, ya matse. Tun farko noti ne ya ɗan saki, ga rashin giris. Ba abin da ya samu sarƙarka."

Kafin a kira azahar ya gama. Ƙarar ba ta sake dawowa ba.

Bayan kwana biyu Yaya ya zo duba ni. Ya kalli gwiwata, ya kalli keken, ya girgiza kai ya ce lodi ne ya yi yawa, shi dama ya so ya gargaɗe ni. Ya ƙara da cewa tsofaffin masu gyaran nan ba su da ilimin abin, sa'a kawai suke ci. Na ce haka ne, Yaya. Ban ga amfanin ɓata yawuna ba.

Yana shirin tafiya ya ji matata tana ɗinki a rumfa, ya tsaya ya karkata kai, ya ce kamar yana jin wata ƙara a keken ɗinkin, zai dawo gobe da kayan aiki. Ta raka shi har zaure tana godiya. Da ta dawo ta ce in tashi, ko da ɗingishi, in kama mata mu kai keken ɗinkin gidan maƙwabciyarta. Can ya yi mako biyu.