Mai Lalle a Hannu Ɗaya

Ina ta kai da kawowa a barandar kotun Rano, ina jiran a kira shari'ar gonarmu, sai idona ya faɗa kan wata mata. Ita ma ta kasa zama. Tana tashi, tana gyara mayafi, tana komawa kan benci. Hannunta na dama ya sha jan lalle, na hagu kuwa wuta ta cinye fatar har gwiwar hannu. A gabanta akwai wani fasasshen risho, baƙi ƙirin, ƙunshe cikin tsohon zane.

Ina jin daga rugagen wajen Durba take. Wataƙila mijinta ne ya sayo mata don ta huta da hayaƙin kara.

Da aka kira ta, sai na leƙa ta taga. Lauyan kamfanin risho yana murmushi, yana cewa an yi sulhu, za su biya diyya su karɓi rishon.

"Malama Suwaiba, kin yarda da sulhun nan? Ba wanda ya tilasta miki?" in ji alƙali.

"Na yarda, ranka ya daɗe. Amma a bar mini kayana."

"Me za ki yi da shi?"

"Har yau ana sayar da irinsa. Ran kasuwar Kibiya zan ajiye shi kusa da ƙwaryar nonona, mata su gani."

Murmushin lauya ya ɗauke. Ni kuwa sai na tuna irin rishon nan ne sak a gidana, ga shi lokacin ɗora sanwa ya yi.