Ranar da Goggo ta ari tantina

Hutun makaranta na ƙarshen shekara kullum cikin damina yake faɗowa. Shekarar da na fara koyarwa a Kalgo, sai na ce bari in yi shi wurin Goggo, ƙanwar mahaifina, wadda ke auren makiyayi. Idan shuka ta tashi sukan janye shanu daga gonaki, su yi mashekari a kan wani tudu bayan Ceberu, ƙasar Gwandu. Ban taɓa kwana a daji ba, don haka na sayi wani ɗan tanti na gwanjo, na ɗaure shi a bayan babur.

Ina kafa shi Goggo ta ajiye ƙwaryar da take wankewa ta zo. Ta zagaya shi, ta shafa, ta shinshina.

"Ɗana, ɗakin ga, ta ina hayaƙi ka fita?"

Na ce ba a hura wuta a ciki. Ta jinjina kai kamar an ba ta labarin wata ƙasa mai nisa. Ni kuwa bukkarta nake ta kallo, ina mamakin yadda ciyawa zalla za ta tare ruwan Agusta.

Washegari da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Mijinta yana can wurin kiwo. Kaji suka fara rugawa ɗaki, iska ta kawo ƙamshin ƙasa. Goggo ta dubi sama, ta dubi tantin.

"Mu yi musaya," in ji ta. "Kai ka shiga nawa. Ina son in ji yadda ruwa ka yi cikin naka."

Ta shiga tantin, na ja mata zif, na sunkuya na shige bukka. Abin da na fara lura da shi, ruwan ba ya ƙara. Yana sauka a kan ciyawa da wani shuu mai laushi, kamar ana zuba gero a buhu. Na miƙa hannu na taɓa rufin, na ji shi a bushe, da ɗumi, hayaƙi ya mai da shi baƙi. Wuri ɗaya ne kawai ke ɗiga, kuma akwai tasa a ƙarƙashinsa tuntuni. Kaji sun lafe a ƙarƙashin gadon kara. Wani ɗan maraƙi marar lafiya da aka ɗaure a gefe yana lasar gwiwar wandona.

Da iska ta tsananta na leƙa. Tantin yana ta karkarwa, ga kuma shatar yatsan Goggo daga ciki, yana dangwalar bango nan, ya koma can.

Ruwa ya ɗauke gab da magariba. Sai na ji muryarta: "Taho ka buɗe ni, ban gane bakin abin ga ba."

Na same ta zaune ta tanƙwashe ƙafa, gumi ya jiƙa mata goshi, idonta na ƙyalli. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin ruwa da surutu haka ba, sai ka ce an sa ta cikin ganga ana kiɗa. Ta ce ruwa ya bi ta ƙarƙashinta, tana jin sanyinsa yana tafiya a tafin hannu, amma bai taɓa ta ba. Kuma duk inda ta dangwala yatsa, wurin sai ya fara hawaye. Na duba katifata, ta jiƙe tabo-tabo, ko'ina ta gwada.

"Abu ɗaya ya rage ban gane ba," ta ce, ta nuna saman tantin, inda raɓa ta jeru daga ciki. "Nan ban taɓa ba. Daga ina wanga ya fito?"

Na ce wataƙila ɗinkin ne ya tsufa. Ita ta ce a'a, numfashinta ne ya rasa hanyar fita. Mijinta ya dawo jagab, sanda a kafaɗa, muka kai masa ƙara. Ya ce shi dai a ba shi fura tukuna.

Ruwa na gaba tare muka shiga tantin, ni da ita, muka zauna gwiwa da gwiwa, hannuwa a cinya, muna kallon sama. Raɓar ta fi ta farko yawa. Goggo ta ce to ga shi, numfashi biyu. Na ce ai ruwan ma ya fi na ranar nan ƙarfi. Muna cikin wannan gardama ta tuna ta bar dawo a kan wuta, wannan karon da kanta ta ja zif ta fita.