Turakun Kansila Jibirin

Idan ka tambayi Jibirin yadda aka yi ya zama kansila, ba zai ɓata maka lokaci ba. Cewa zai yi, "An nemi mai jin Faransanci wanda ba shi da aikin yi, sai aka tuna da ni." Yakan faɗa yana dariya, amma ba duka ne wasa ba.

A New Bell aka haife shi, unguwar Hausawa, a gidan da kakansa ya gina lokacin da fataucin goro ya kawo shi Douala ya ƙi komawa Katsina. Ubansa dillalin raguna ne. Cikin warin rago da kukan rago Jibirin ya tashi, har ya rantse tun yana ɗan firamare ba zai gaji wannan sana'a ba. Ya yi boko, ya samu aikin akawu a wani sito kusa da tashar jirgin ruwa, ya yi shekaru yana shaƙe wuyansa da laktaye a zafin garin nan don kar a ce ɗan dillali ne. Da siton ya rufe sai ya dawo unguwa, ya zama mai raka mutane ofis-ofis yana yi musu tafinta. Daga nan zaɓe ya zo ya same shi a zaune.

Ranar da aka raba kwamitoci a majalisar ƙaramar hukuma, masu wayo suka kwashe na kasuwa da na hanyoyi, aka bar masa na muhalli. "Shi ne kwamitin da ake ba wanda ya fita kama ruwa lokacin rabo," in ji shi, "ni kuwa wallahi fita na yi."

Sai dai ya riƙi aikin da gaske, kuma da dalili. Akwai babbar kwata da ta ratsa bayan layinsu, ta toshe tun yana saurayi. Gidan da ya fi kusa da ita na yayarsa ne, Zinariya, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, take kuma toya waina a bakin lungu tun kafin ya san laktaye. Duk ruwan da aka yi mai ƙarfi, kwatar nan sai ta tumbatso ta shiga ɗakinta da ledoji da duk ƙazantar unguwa. Ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba. Abin da take cewa kawai, "Jibirin, yanzu kai ne hukuma, ko?" Wannan tambaya ta fi masa zagi ciwo.

Ana nan sai majalisa ta samu halin gyara babbar kwata guda ɗaya tak. Ko tasu, ko ta unguwar da ke maƙwabtaka da su, wadda wata kansila mai suna Madam Ekwalla take wakilta. Aka yi ta musu har maƙogwaro ya bushe. Nan ne Jibirin ya miƙe, ya gyara hula, ya kawo shawarar da har yau in ya tuna sai ya dafe kai. Ya ce a ba kowace unguwa ƙananan itatuwa ta dasa a bakin titi, in lokaci ya yi majalisa ta zagaya ta duba, unguwar da bishiyoyinta suka fi rayuwa ita ta nuna ta damu da muhalli, ita za a gyara wa kwata. Aka tafa masa. Shi kuwa a ransa dariyar mugunta yake yi, don ya san layin Madam garejin kanikawa ne daga farko har ƙarshe, ƙasar ta sha baƙin mai ta ƙoshi, ko ƙaya ba za ta fito ba. Ranar dubawar ma shi ya zaɓa, 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah, wai don a samu unguwa cikin fara'a.

Madam ta ɗauki mangwaro. Jibirin ya ce shi zogale. Ya hau bensikin, ɗan babur ɗin haya, har Ndogbong wurin masu renon itatuwa, ya zaɓo masu ganye shar. A taron dasawa ya yi jawabi da Hausa ya maimaita da Faransanci: ga inuwa, ga miya, ga kwaɗo, mata su tsinka su kai Kasuwar Santaral su sayar. Wannan, in ji shi, shi ake kira tattalin arziki mai ɗorewa. Wata tsohuwa ta tambayi wace inuwa zogale yake da ita, ya yi kamar bai ji ba.

Tsoronsa ɗaya, 'yan bensikin masu bin gefen titi kamar an koro su. Don haka ya sa mai walda ya yi masa sandunan ƙarfe masu kauri, aka kafa ɗaya a gindin kowane dashe, aka zuba siminti. A kan kowace sanda ya sa aka liƙa zobe, don a ɗaure dashen kar iska ta kwantar da shi. Aka shafa koren fenti. Ya tsaya a bakin layi ya duba, ya ji ko a Turai iyaka ke nan. Kashegari ya tafi Yaoundé taron bita kan sauyin yanayi, hankalinsa kwance.

To, jama'a, ɗan dillalin raguna! Mutumin da ya fi kowa sanin cewa in layya ta gabato, motoci kan sauke raguna daga arewa, kuma a New Bell babu mai tsakar gidan da zai ɗaure ko kaza. Rago a waje yake kwana, a jikin taga, a ƙafar teburin mai shayi, a duk abin da ya tsaya bai motsa ba. Shi ne ya kafa wa kowace ƙofa ƙarfe da zobe a kai, ya dasa ganye a gindinsa, ya hau mota ya tafi koyon sauyin yanayi.

Ana gobe Sallah ya dawo. Tun daga bakin layi ya ga abin da ya sa jakarsa ta kusa faɗuwa. Kowane koren ƙarfe da ragonsa, reras, har ƙarshen layi. Zogale kuwa sai dai labari. Bai gama salati ba Alhaji Iro, dattijon layin, abokin mahaifinsa, ya taso daga kan benci ya kama hannunsa biyu.

"Kansila! Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan mahaifinka. Jini ba ya ɓuya. Shekara da shekaru muna rigima da juna kan wurin ɗaure rago, bana ko cacar baki ba a yi ba. Ga turke, ga zobe, har da ɗan abin taɓawa ka dasa musu!"

"Baba, ai bishiyoyi ne," in ji Jibirin, muryarsa kamar ta wani.

"Sun ci, sun gode," in ji Alhaji Iro.

Ya ja ƙafa zuwa gida da niyyar ya tara jama'a ya yi faɗa. A ƙofar gidansa ya tarar da nasa ragon, fari mai ƙaho murɗaɗɗe, ɗaure a ƙarfen da aka yi bikin dasawa a gindinsa, yana tuƙa a natse. Matarsa Kulsum ta leƙo ta ce, "Sannu da hanya, maigida. Kowa ya ɗaure a nasa, na ce mu da muka kawo abin ba za a bar mu a baya ba." Faɗan da bai yi ba ke nan.

Ya yi tunanin ya koma Ndogbong ya sayo wasu ya soka a ɓoye. Amma a unguwar da in ka yi atishawa a wannan lungu za a yi maka addu'a a wancan, wa zai ɓoye dashen layi guda? Ya haƙura.

Ranar dubawa 'yan majalisa suka fara da layin Madam Ekwalla. Mangwaronta sun yi yaushi, sun yi baƙi, amma da yawa suna tsaye, kanikawa sun kewaye su da tsofaffin tayoyi. Da aka iso New Bell, fatun layya aka tarar an shanya a kan ƙarafan. Jama'a kuma suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu don su taimaki ɗansu, suna yabonsa da Hausa da Faransanci, suna roƙon majalisa ta ƙaro turaku baɗi saboda bana wasu gidajen raguna biyu suka haɗa a ɗaya. Madam ta toshe baki da hankici, kafaɗunta suna rawa. Jibirin ya ce da ƙasa ta tsage a lokacin, da ba sai an tura shi ba.

A zauren majalisa shugaba ya karanta ƙa'idar, ya ambaci sunan wanda ya kawo ta, ya ce masu goyon bayan a gyara kwatar unguwar Madam su ɗaga hannu. Duk ido ya dawo kan Jibirin. Yana iya zama shiru, ba wanda zai kama shi. Amma shi ya haƙa ramin, da bakinsa. Ya ɗaga.

Bai je gida ba, bakin lungu ya nufa. Zinariya tana zaune gaban tanda, hadari ya haɗo ta wajen kogi. Ya durƙusa gefenta kamar yadda yake yi yana yaro.

"Yaya, kwatar, an ba su."

Ba ta daina juya waina ba. "Na ji. An ce har da hannunka."

"Har da shi."

Kunya ta rufe shi, ya ji idonsa ya kawo ruwa, mutum mai furfura a gemu. Ya so ta zage shi ko ya samu sauƙi. Ta kwashe wainar da ta nuna, ta rufe ƙullu, ta miƙe tana dafa gwiwa.

"To tashi, Kansila. Cire babbar rigar nan. Akwai bulo huɗu a bayan ɗaki, zo ka kama mini gado mu ɗora shi a kai kafin ruwan ya sauko."