Lomar ƙane

Ƙamshin daddawa ne ya tsayar da ni a matakalar wani bene a titin Huanshi Lu da ke Guangzhou, sai na tuna kakana da akushinsa.

Kaka ya ce mu jinin wani basarake ne da ya riƙe ƙasarmu tun kafin a gina ganuwar garinmu. Babban sarki ya damƙa masa yankin duwatsu, shi kuwa ya haƙa rijiyoyi, ya kori mahara, har matafiya suka daina tsoron hanya. Amma bai yarda da kowa ba. Ɗakin kwanansa kullum sabo ne, kuma ba ya kai loma baki sai ƙanensa ya fara ci. A cewar Kaka, girmamawa ce.

Ni dai tun ina yarinya labarin bai kwanta mini ba. Yau a ce maharan daga gabas suke, gobe daga arewa. Da na tambayi abin da ya sami ƙannen basaraken, Kaka ya ce in je in ga ko awaki sun sha ruwa.

Al'adar kuwa tana nan a gidanmu. Ƙanen Kaka, wanda katanga kawai ta raba mu, shi ma tsoho ne mai furfura. Duk da haka idan an kawo tuwo sai an kira shi ya ɗebi lomar farko daga gaban yayansa. Kaka zai zuba masa ido yana haɗiyewa, ya ɗan jira, sannan ya wanke hannu.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da Kaka. Ƙanen ya sa aka dama kunun tsamiya a gidansa, ya kawo da kansa cikin ruwan sama. Kaka ya dubi ƙwaryar, ya dube shi.

"Yaya, har yau?" in ji ƙanen.

Ƙanen ya kurɓa, ya ajiye ƙwaryar, ya fita. Bai ƙara shiga gidanmu ba sai ranar jana'izar Kaka. Na ji haushin Kaka, har yanzu ma ina ji.

Da na zo Guangzhou karatu, na ji jikan ƙanen Kaka yana unguwar Panyu, yana sayen takalma yana aikawa Kano. Na neme shi don mu gyara zumunci, ina ganin mu 'yan zamani ne, wannan abu ya wuce. Ya karɓe ni hannu biyu, matarsa ta kawo shinkafa da miya. Kafin in ɗauki cokali ya miƙo nasa, ya ɗiba daga gabana, ya haɗiye, sannan ya turo mini farantin.

"Bismillah, Yaya," ya ce. "Yanzu kya iya ci."