Kwamfutar da Ba Ta da Agogo

Akwai wata Talata a Ƙanƙara da har yau ba ta fita daga raina ba, kuma ba na jin za ta fita. A ƙarshen damina ne, shekarar da aka katse layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro. Lokacin ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, ina ƙaramin jami'in na'ura a wata ƙungiya mai tallafa wa ƙananan asibitoci. Asibitoci uku aka ba ni: ɗaya a Ƙanƙara, ɗaya a Faskari, ɗaya a Sabuwa.

Bari in yi bayanin aikin ga wanda bai sani ba. Allurar rigakafi ba ta son zafi. Idan firij ya ɗumama na wasu sa'o'i, wasu magungunan sukan mutu, kuma a ido ba lallai a gane ba. Saboda haka ƙungiyar ta sa wa kowane firij ƙaramar kwamfuta mai bin sanyinsa dare da rana. Ba irin kwamfutar ofis ba ce. Girmanta bai fi tafin hannu ba, ƙwaƙwalwarta irin ta wayar hannu ce, katin memori take amfani da shi, kuma da cajar waya take cin wuta. Manhajar da ake sakawa a shagunan kwamfuta ba ta hawa kanta. Linux muka sa mata, wato manhajar da kowa ke da damar duba cikinta ya gyara, amma sai an nemo wadda aka haɗa musamman don irin wannan ƙwaƙwalwa. Na sha wuya kafin ta yarda ta gane ma'aunin sanyin, don haka ina ɗan alfahari da ita, ko da yake ban taɓa sakin jiki da ita gaba ɗaya ba.

Ƙa'ida ita ce, kafin a fita da allura zuwa ƙauyuka, sai jami'in na'ura ya duba bayanan kwamfutar ya sa hannu cewa firij bai ɗumama ba. Daga nan shugabar sashe ta sa nata. Shugabarmu a Ƙanƙara ita ce Hajiya Rabi, mace mai sauri a magana, wadda ta shekara da yawa a aikin rigakafi. Ita ta laƙaba mini suna Malam Wataƙila, domin a cewarta ko sunana aka tambaye ni sai na ce bari in duba tukuna.

Ranar za a je Pauwa da 'Yargoje. An daɗe ba a kai musu allura ba saboda hanya, kuma da ƙyar aka samu rakiyar jami'an tsaro ta wannan rana kaɗai. Tun da babu waya, ta bakin mutane aka aika wa masu unguwanni saƙo, iyaye mata kuma suna can suna jira. An kuma gaya mana dole motar ta dawo kafin la'asar.

Na isa da sassafe, na jona allo a jikin kwamfutar. Layin sanyi ya fito lafiya lau, ba hawa ba sauka, ba giɓi ko ɗaya. Har na ɗauki biro. Sai idona ya kai kan kwanan watan da ke kusurwar allon. Kwamfutar tana nuna ranar Alhamis ɗin makon da ya wuce.

Na san abin da hakan zai iya nufi. Irin wannan kwamfuta ba ta da batirin agogo. Duk sanda aka kunna ta, daga intanet take ɗaukar lokaci. Idan babu intanet, kamar yadda muke tun da aka katse layukan waya, tsarin da ke cikinta sai ya ci gaba daga lokacin ƙarshe da ya ajiye kafin wuta ta yanke. Wato idan aka kashe ta da azahar aka kunna da magariba, ita a wurinta azahar ce har yanzu, sai ta ɗora rubutunta kamar ba abin da ya faru. Layin da nake gani ba shi da giɓi ne don giɓin ya ɓace tare da lokacin. Kwanakin da agogon ya yi baya, jimlar sa'o'in da kwamfutar ta yi a kashe ke nan.

Na kira Malam Sada, mai kula da ɗakin firij, dattijo mai tsare aikinsa. Na ce, “Malam, ko akwai mai taɓa cajar nan?”

Ya ce, “Wace? Ta ɗan akwatin? Ni nakan cire ta. Ai ta fi duk cajar garin nan saurin cika waya.”

Na ce, “Wayar wa ake cajawa, bayan ba sabis?”

Ya yi murmushi. “Yaro, waya ai fitila ce yanzu, kuma da ita ake jin karatu. Solarmu ce kaɗai wutar da ba ta yankewa a unguwar nan. In liman ya aiko da tashi, ko mai unguwa, mi zan ce masu? In ce akwati ya hana? Kuma firij ban taɓa shi ba. Ɗan akwatin kuwa, da na mayar da cajar yake kama aiki.”

Ban ga laifinsa ba. Abin da ya gani gaskiya ne: a mayar da caja, fitilar kwamfutar ta kama, komai ya ci gaba. Shi yana duba ma'auni safe da yamma kamar yadda aka koya masa. Tsakanin nan, da cikin dare, kwamfutar aka bar wa, kuma makon an yi ta hadari, rana ba ta fita sosai ba, firij kuwa da hasken rana yake aiki.

Hajiya ta leƙo, an riga an jera akwatunan ƙanƙara a bakin ƙofa. Ta ce, “Malam Wataƙila, ka sa hannu?”

Na fara bayani, ina cewa mai yiwuwa agogon ya samu matsala, kuma akwai yiwuwar wasu sa'o'i ba a rubuta su ba, amma kuma ba lallai firij ya ɗumama ba.

Ta katse ni. “Tsaya. Layin nan kore ne ko ba kore ba?”

“Kore ne, Hajiya.”

“To mi ya rage?”

“Koren na sa'o'in da take kunne ne. Sa'o'in da take kashe, ba ta ga komai ba.”

Direba ya danna hon a waje. Ɗaya daga cikin masu rakiya ya aiko a ce mana su ba za su wuce lokacinsu ba. Hajiya ta matso kusa, ta rage murya. “Ka san abin da na sha kafin in samu motar nan? Akwai jarirai a 'Yargoje da ba a ɗiga masu komi ba tun da aka haife su. In na rasa yau, ban san ranar da zan sake samu ba. Kalma guda nike so gare ka, ba wataƙila ba. Maganin nan lafiya yake?”

Na san idan na sa hannu ba wanda zai tuhume ni, domin allon yana bayana. Na kuma san idan na ƙi, kuma daga baya aka ga maganin lafiyarsa ƙalau, ni ne yaron da ya hana ƙauye biyu allura saboda agogo. Na ajiye biron a kan firij.

Na ce, “Hajiya, ban sani ba. Kuma ba zan sa hannu a kan abin da ban sani ba.”

Ta dube ni har na sunkuyar da kai. Sannan ta juya ta ce, “Malam Sada, a fiddo su duka. Ɗaya bayan ɗaya za mu duba.”

Yawancin kwalaben rigakafi suna da wani ɗan tambari a jiki, murabba'i mai haske a cikin da'ira. Idan zafi ya taɓa kwalbar da yawa, murabba'in yakan yi duhu. Duba kowace kwalba aiki ne mai cin lokaci, kuma dole a yi shi da sauri a kan ƙanƙara, ba a barin firij a buɗe. Mu uku muka tsuguna. Kwandon ƙasa lafiya. Na tsakiya lafiya. Na fara jin kunya, ina tunanin na ɓata wa kowa rana a banza.

A kwandon sama, inda maganin ɗigawa a baki yake, Malam Sada ya ɗaga wata kwalba ya kai ta wajen taga. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Hajiya, zo ki gani.” Murabba'in ya yi duhu har ya haɗe da da'irar. Muka sami wasu irinta a gefen murfi. Ba duka ba, amma sun isa a ce firij ya ɗumama a wani lokacin da ba wanda ya gani.

Aka ware waɗanda suka lalace, aka loda masu kyau. Sai dai rana ta riga ta ɗaga. Masu rakiya suka ce wuri ɗaya kawai za a iya zuwa a dawo a kan lokaci. Hajiya ta zaɓi Pauwa. Matan 'Yargoje sun zauna a inuwa da 'ya'yansu har azahar, ba wayar da za a gaya musu, suka gaji suka koma gida. Sai bayan makonni aka samu kai musu. Ban san abin da ya faru da kowane yaro a tsakanin ba, kuma ba zan ce muku ba komai ba, tun da ban sani ba.

Da Hajiya ta dawo da yamma, ba ta yaba mini ba, ba ta kuma yi mini faɗa ba. Ta ce kawai, “Na Faskari da na Sabuwa irin wannan ne?” Na ce irinsa ne. Ta ce, “To gobe ka shiga mota.” Na shiga. A duka biyun na tarar agogo ya yi baya, kuma dalilin ɗaya ne.

Daga baya mun sa wa kowace kwamfuta ɗan agogo mai batirin kansa, na gyara tsarin yadda zai nuna giɓi a fili idan an kashe ta. Muka kuma kafa soket daban a baranda, da caja masu kyau, don baƙi. Wannan na biyun, a ganina, shi ya fi yin aiki.

Abin da nake so ƙannena a wannan sana'a su riƙe shi ne, waɗanda suka ƙera na'urar nan sun ɗauka intanet ba ya yankewa, kuma caja ba ta da wani aiki sai nata. A wurinmu duka biyun ba haka suke ba. Kafin ka kafa na'ura, ka zauna ka ga yadda mutanen ɗakin suke rayuwa, da abin da ba za su iya hana maƙwabcinsu ba. Idan kuma aka tsare ka ana neman i ko a'a, alhali abin da kake da shi “ban sani ba” ne, ka faɗe shi da ƙarfi yadda za a ji. Ita ma amsa ce, kuma wani lokaci ƙauye guda ne zai biya kuɗinta.