Kujerar da Ɗana Ya Saya a Amurka

Ni ba na ɓoye magana a ciki, duk unguwarmu ta Karantina an san haka. Na taɓa tare mai tankar ruwa a tsakiyar lungu na wanke shi tas don ya tsallake gidanmu. Amma ɗana na fari, shi ban taɓa iya gaya masa abin da ke raina ba. Haka aka raine mu, uwa tana kunyar ɗan fari. Ko sunansa ba na kamawa, sai dai in ce wannan yaron.

A Jidda na haife shi, sai dai haihuwa ba ta ba mutum ƙasa a nan. Da iƙama, takardar izinin zama, yake zaune kamar mu duka. Da ya tafi karatu Amurka aka buga masa bizar fita da dawowa. Dole ya sako ƙafa Jidda kafin wa'adinta ya cika, in ya wuce iƙamar ta mutu, ba shi da sauran zama a garin. Yana ɗalibi yakan zo, a sabunta, ya koma. Sai ya gama ya kama aiki.

Lokacin na fara zuwa makarantar manya, na iya lambobi, don haka ni da kaina nake zuwa shagon waya a unguwar Madain Fahd in danna lambarsa. Ran nan bayan la'asar ya ɗauka yana ta murna.

"Ummi, na samu kujera a filin ƙwallo! Ta kakar wasa gaba ɗaya!"

"Kujera? A gidanka babu?"

Ya yi dariya ya shiga bayani, rabi Hausa rabi Larabci. Wai ba ƙwallon da muka sani ba ce. Wannan doguwa ce kamar gwanda, a hannu ake rungumarta, ƙarti da hular kwano suna karo da juna. Wai ƙungiyar garinsu tsohuwa ce, leburori ne suka fara ta tun zamanin kakanni, ta yi shekaru tana shan kashi mutanen garin ba su guje ta ba. Kujerun ma gadonsu ake yi, uba ya bar wa ɗa. Wani dattijo a wurin aikinsu gwiwa ta hana shi hawa matakala, shi ne ya sayar masa da tikitin shekarar.

"Wallah ya Ummi, wasu suna cikin layi har su tsufa ba su samu ba."

Na ce, "Yaushe ake gama wasan?"

"Sai tsakiyar sanyi."

Wa'adin bizarsa kuwa kafin sanyi zai cika. Na sani, shi ma ya sani.

"Iƙamar fa?"

"Za mu gani, Ummi. Sabon aiki ne, hutu da wuya."

Ban ce ƙwallo ce ta riƙe shi ba. Amma wanda ya sayi wurin zama har tsakiyar sanyi ya riga ya san inda sanyin zai same shi. Abin da ya kamata in ce a bakina yake: ka dawo, ina son ganinka. Sai na ji ina cewa, "Ƙato da kai, ka rasa abin yi sai kallon ƙarti suna ture juna? Kana dai salla?" Ya ce yana yi. Mai shagon ya ƙwanƙwasa gilashi, "Yalla ya hajja, akwai mutane."

A gida na tasa babansa gaba. Ya ce, "Namiji ne, bar shi ya nemi inda za a karɓe shi. Nan me muka ajiye masa?" Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo, bai ɗaga kai daga shayinsa ba.

Na tura ƙanwarsa ta kira shi. Ta dawo ta jefar da abaya a kan gado.

"Ya tambaye ni, Ummi ce ta ce in dawo? Na ce ba ki ce ba. Ya ce to."

"Ke ba ki da baki?"

"Bakinki yake jira, Ummi. Ke da kike tsayar da tanka! Kalma ɗaya fa."

Na koma shagon. Na danna lambar. Ya ɗauka, ya gaishe ni. Ina jin numfashinsa, jira yake. Na tambaye shi ko an fara sanyi. Na ce ya riƙa rufe ƙirjinsa. Ya ce to, Ummi. Muka yi sallama.

Wa'adin ya cika ranar wata Talata, ina tsintar shinkafa. Daga baya kafilinmu, wanda muke zaune a ƙarƙashin sunansa, ya aiko cewa an cire sunan yaron daga iƙama, halas, shi ke nan.

Sai bayan shekaru ya sake shigowa Jidda, da bizar umra, cikin ayarin mutanen Amurka. Fasfonsa ma yana hannun jagoransu. Ya zo gida da rana, ya ci abinci, ya zagaya lungun ana ta yi masa sannu da zuwa. Kafin magariba ya ce zai koma, kada a rasa shi a masauki. Na raka shi bakin titi, na tsaya har motar ayarinsu ta ɗauke shi tare da sauran baƙi.