Mai Kwafar Faifai a Kasuwar Minjibir

Wani dattijo ne mai gilashi ɗaure da zare, hannunsa duk kantar fartanya. Da gani tsufa ne ya raba shi da gona, ya zaunar da shi gaban kwamfuta mai aljihu biyu: na sama na faifan asali, na ƙasa na sabo.

Wata mata ta kawo faifai ɗaya tilo mai karatun marigayi mijinta. Dattijon yana sakawa, yana cirewa, yana sake dubawa.

"Yi haƙuri, Hajiya," in ji shi yana dariya. "Mutumin da ya fito da takalmi wari da wari, ai dole ya tantance sama da ƙasa."

Ta dubi ƙafarsa, takalmi ɗaya shuɗi ɗaya baƙi, ta murmusa. Da muryar mijin ta tashi daga sabon faifan, sai ta ja mayafi ta rufe fuska.